Kabarin kakanku a Faransa: kada a sayar da gona

Tambaya:
Assalamu alaikum Malam. Kakanmu, mahaifin babana, Faransawa sun ɗauke shi soja daga ƙasar Damagaram lokacin yaƙin Hitila. Bai dawo ba, ko takarda ba a aiko ba, har kakarmu ta rasu tana jiransa. Kwanan nan wani mutum ya zo da hoton wata maƙabarta mai jan gini a wayarsa, ya ce a wani ƙauyen Faransa take, wai sunan kakanmu na ciki, kuma akwai kuɗin diyya da suka taru. Ya ce mu haɗa jaka 300 ya buɗe mana takardu. Baba ya tsufa, har ya fara maganar sayar da gona. Da gaske akwai wannan wuri?

Amsa:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan kakanku, ya ba Baba lafiya. Kafin komai, je ka riƙe hannun Baba, kada a taɓa gonar nan.

Wurin kam akwai shi. Jan ginin da ka gani shi ake kira Tata, wato maƙabartar sojojin Afirka da ke ƙauyen Shasale, wanda Faransawa ke rubutawa Chasselay. Yana arewa maso yamma da birnin Liyon, tafiyar ba ta kai kilomita 20 ba, a gindin tsaunukan Mondor. Tsohon gari ne na manoma mai mutane wajen 3,000, da ragowar ganuwarsa ta zamanin da manyan limaman cocin Liyon ke mulkin yankin, ga lambunan itatuwa ta ko'ina. Ba don abin da ya faru a 1940 ba, da babu dalilin da zai sa Bahaushe ya ji sunansa.

Ranar 17 ga Yuni 1940 Marshal Petan, shugaban gwamnatin Faransa a lokacin, ya yi wa Faransawa jawabi cewa a daina faɗa. Duk da haka aka bar runduna ta 25 ta sojojin Afirka, waɗanda ake kira tirayor na Senegal, su tare wa Jamusawa hanyar Liyon. Ranar 19 aka gwabza a gidan mata masu zaman ibada na Montluzin. Washegari, da harsashi ya ƙare wa waɗanda suka ja daga a gidan Plantin, suka miƙa wuya. Jamusawa suka kora su zuwa wani fili da ake kira Vide-Sac, suka ware Turawa gefe, baƙaƙen kuma aka buɗe musu wuta da bindigogin tankokin yaƙi, sannan tankokin suka bi ta kan waɗanda suka faɗi. Mutum wajen 50 a wuri guda, kwana biyu kacal kafin a sa hannu a kan tsagaita wuta.

Abin da mutanen ƙauyen suka yi ya kamata a riƙa faɗa. Jamusawa sun hana a yi wa mamatan sutura, amma mutanen ƙauyen suka fito suka haƙa rami suka rufe su, suka adana lambobin ƙarfe da takardun da suka samu a jikinsu. Daga baya wani jami'in kula da tsofaffin sojoji, Jean Marchiani, ya sayi filin, aka tattaro gawarwaki daga ƙauyukan kewaye, aka kewaye wurin da jar katanga mai kama da ginin ƙasa na Mali. An buɗe shi ranar 8 ga Nuwamba 1942, har da ƙasar da aka ɗebo daga Dakar aka zuba. Tirayor 188 ne kwance a ciki, da wasu 'yan kaɗan daga Arewacin Afirka. Tun 1966 maƙabartar ƙasa ce. In ka bi layin kaburburan, za ka ga wani dutse da suna, na kusa da shi kuwa kalma ɗaya tak, "inconnu", wato ba a san ko wane ne ba.

To, sai batun mutumin naku. Wallahi na gaji da irin wannan labari, kusan kullum sai an kawo mini shi. Yau hoton Shasale, gobe na wata maƙabartar, amma zancen bai canzawa: akwai kuɗinku a Faransa, ku kawo na buɗe takardu. Babu wani asusu da ake tara wa jikoki kuɗi a cikinsa. Fanshon soja na sojan ne, in ya mutu ya koma ga matarsa ko 'ya'yansa marayu masu ƙananan shekaru. Ba gado ba ne da zai gangaro har kan jika. Abin da 'yan damfara ke fakewa da shi shi ne gaskiyar da suka tsinta rabi: a 1959 Faransa ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta mallaka, ya zama Ba'afirke na karɓar abin da bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya. An yi shekaru ana shari'a kafin a daidaita daga farkon 2011. Zalunci ne, ba mai musu. Amma gyaran ya shafi masu karɓar fansho ne, bai buɗe wa jikoki wata taska ba. Haka kuma kabari ba ya zama biza, don na san nan zai dosa in kuka biya na farko.

Ka tambaye shi abu ɗaya: mene ne lambar sojan kakanmu? Za ka ga ya fara kame-kame. Hoton da ya nuna muku yana intanet, kowa na iya saukewa. Sunayen irin su Musa da Mamman da Abdu kuwa sun cika rajistar sojan Faransa, ga shi magatakardan lokacin suna rubuta suna yadda kunnensu ya ji. Saboda haka ganin "Moussa" a kan dutse ba hujja ba ce. Ni abin da ya fi ƙona mini rai, ba kuɗin kaɗai suke ci ba. Suna ɗaukar kabarin bawan Allah daga Gine ko Mali su liƙa wa wani gida, dattijo ya yi ta kuka a kan kushewar da ba ta mahaifinsa ba.

Gaskiya ne sunan tirayor na Senegal bai nufin 'yan Senegal kaɗai. Tun da aka kafa rundunar a 1857 sunan ya bi ta, alhali daga baya ana ɗibar samari daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, har da Nijar. Don haka neman kakanku a Faransa ba shirme ba ne. Sai dai Shasale wuri ɗaya ne cikin wurare da yawa. An yi irin wannan kisa a Clamecy da wasu garuruwa a watan nan na Yuni, wasu dubbai kuma a sansanonin fursuna suka ƙare, inda tarin fuka ya kashe da dama.

Binciken gaskiya kyauta ne. Ma'aikatar sojan Faransa na da shafi mai suna Mémoire des hommes, inda ake neman sunan wanda ya mutu a yaƙin. Takardun mamatan yaƙin na birnin Caen, rajistar aikin sojojin Afirka kuma na birnin Pau, ana rubuta musu wasiƙa kai tsaye. Amsa takan yi jinkiri har ran mutum ya ɓaci, wani lokaci watanni, amma ba sa bukatar dillali.

Zauna da Baba tun yana iya tunawa. Rubuta sunan kakanku da na mahaifinsa, da laƙabinsa, da ƙauyensu, da sarkin da ke kan gado lokacin da aka ɗauke shi, don da wannan ake gano shekara. A duba tsohuwar adakar kakarku ko akwai wata takarda ko lambar ƙarfe. In ka haɗa, aiko mini, zan nuna maka yadda ake jujjuya rubutun sunan da Faransanci har a dace.