Amsa ga ɗan'uwan da aka gayyaci yaronsa biki a mashaya

Assalamu alaikum. Ƙanena, sannu da zuwa ƙasar sanyi, Allah ya sa ka shigo a sa'a. Tun da safe na ga tambayarka, sai yanzu na ajiye mota na samu zama. Ka ce kocin ƙungiyar ƙwallon da yaronka ɗan shekara 9 yake bugawa ya shirya rabon kyaututtukan ƙarshen kaka a wata mashaya, ranar Lahadi da rana, an ce iyaye su zo da 'ya'yansu. Kana so ka san ko doka ma ta yarda yaro ya shiga irin wannan wuri, in kuma ta yarda, ko ya dace ka kai shi. Na ga wasu 'yan'uwa sun ce maka haramun ne, suka yi shiru, wasu kuma sun ce ai nan Ingila ce, ka saki jiki. Duka amsoshin biyu ba za su fisshe ka ba, domin kai ne za ka tsaya gaban kocin nan, kuma kai ne za ka yi wa yaron bayani a gida.

Ni tasi nake ja a arewacin Ingila, kuma a nan 'ya'yana suka tashi. Kusan rabin fasinjojina na ƙarshen mako a ƙofar mashaya nake ɗaukarsu, saboda haka abin da zan faɗa maka gani ne, ba ji ba.

Doka ta yarda. A Ingila da Wales dokar lasisin sayar da giya ta 2003 ce ke aiki, wadda ta fara aiki gaba ɗaya a Nuwamban 2005. Abin da ta ce shi ne yaro ɗan ƙasa da shekara 16 zai iya shiga mashaya muddin yana tare da babba, wato wanda ya kai 18. Sayar wa wanda bai kai 18 ba giya laifi ne, amma ɗan shekara 16 ko 17 zai iya shan giya mara ƙarfi ko ruwan inabi a kan teburin cin abinci idan babba ne ya saya kuma yana zaune tare da shi. Wannan ɓangaren yakan ba mutanenmu mamaki. Wani abin da ya fi shi ban mamaki shi ne a cikin gida, abin da doka ta haramta kai tsaye shi ne ba wa yaron da bai kai shekara 5 ba giya. Sannan mai mashaya yana da ikon ya ce ba ya son yara kwata-kwata, ko ya ce su fice da ƙarfe takwas ko tara na dare, kuma hukumar gari tana iya rubuta masa irin wannan sharaɗi a lasisinsa, tunda kare yara daga cutarwa yana cikin manufofi huɗu da aka gina dokar a kansu. Scotland tana da tata dokar daban, ta 2005, inda dole mai wurin ya bayyana tun wajen neman lasisi ko zai bar yara su shiga, da wane lokaci, da kuma wane ɓangare na ginin.

Kada ka ɗauka haka Turawan suke tun asali. A 1908 majalisarsu ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 14 shiga ɗakin da ake shan giya, kuma haka aka yi ta tafiya har wajen tsakiyar shekarun 1990 kafin a fara sassautawa. Dattawan da nake ɗauka sukan ba ni labarin yadda ake barinsu a bakin ƙofa ko a cikin mota da kwalbar lemo da soyayyen dankali, uba yana ciki. Abin da ya juya lamarin kasuwa ce. An hana shan taba a cikin irin waɗannan wurare a Ingila ranar 1 ga Yulin 2007, giyar manyan kantuna ta fi araha, mashaya suka yi ta rufewa, daga kusan 60,000 a shekarar 2000 zuwa ƙasa da 50,000 a yanzu. Waɗanda suka tsira da yawansu abinci ne ya cece su, kuma mai sayar da abinci iyali yake nema. Shi ya sa za ka ga kujerar jarirai, da takardar abincin yara, da fensiran zane a kan tebur, har da lilo a bayan gida. Har yau su kansu 'yan ƙasar ba su daina jayayya a kan abin ba. Akwai masu cewa mashaya wurin manya ce, a bar musu wuri ɗaya da za su huta da kukan yara, akwai masu cewa a ƙauye ita kaɗai ce wurin haɗuwar jama'a, hana yaro shiga tamkar hana uwarsa fita ne.

Zan yi wa kocin naku adalci. Ba da mugun nufi ya zaɓi wurin ba. Yawanci irin waɗannan kociyoyin iyaye ne masu aikin sa kai, ba a biyansu ko sisi, kuma mai mashaya yakan ba su ɗakin taro kyauta don ya san iyaye za su sayi abinci da abin sha. Idan ka leƙa da ƙarfe ɗaya na ranar Lahadi, abin da za ka tarar shi ne kaka da jikoki suna cin gasasshen nama da dankali, babu mai tangaɗi, babu mai ihu. Wanda ya taso da hoton gidan giya irin na Sabon Garin Kano a ransa zai ce ba nan ba ne.

To amma ni ba ƙarfe ɗaya kaɗai nake gani ba, ina ganin ƙarfe shida da bakwai na wannan Lahadin, lokacin da waɗanda suka ce abinci kawai za su ci suke kiran tasi. Akwai wata yarinya da ba ta fita a raina. Ba za ta wuce shekara 7 ba, da rigar bikin ranar haihuwa, an yi mata zanen malam-buɗe-littafi a kumatu. Ita ce ta riƙo jakar uwarta, ita ta buɗe ƙofar baya, ita ta faɗa mini lambar gida da sunan layi ba tare da na tambaya ba, domin uwar ta kasa haɗa maganar. Muna tafe uwar tana dariya tana kuka, yarinyar tana shafa mata hannu tana cewa mun kusa. Da muka isa ta zaro makulli daga aljihun jakar na gefe, ba ta ko lalube ba. Wannan rashin lalube shi ya tsaya mini a rai, don ya nuna ba yau ta fara ba. Na tsaya har suka shiga suka kunna fitila, washegari na kai rahoto inda aka koya mana mu kai, domin mu direbobi ana ba mu horo kan kare yara kafin a ba mu lasisi. Akwai ma doka tun 1902 da ta ce laifi ne mutum ya bugu a bainar jama'a alhali yana kula da yaron da bai kai shekara 7 ba. Dokar na nan, amma mai zuba giyar ba ya ƙirga wa kowane uba kofinsa.

Ba na cewa haka kowane iyali yake, mafi yawansu lafiya lau suke komawa gida. Abin da nake cewa shi ne idan ka shigar da yaro ɗakin da sana'arsa shan giya ce, ka san halin kanka amma ba ka san halin teburin da ke kusa da ku ba. Ana nuna wasan ƙwallo a talabijin, an ci ƙungiyar wani, sai ashar. Injin caca yana ƙyalli a kusurwa, daidai tsayin idon yaro. Banɗaki ɗaya ne da na manya. Kuma abin da ya fi duka nauyi a wurina shi ne darasin da yaron zai ɗauka ba tare da kowa ya buɗe baki ba: an yi nasara, an ba shi kofi, mutanen da yake ganin girmansu sun yi murna, kuma murnar da giya aka yi ta. Ko da ni ba Musulmi ba ne, da wannan ya ishe ni dalili, kuma na san a cikinmu akwai 'yan'uwa Kiristoci da suke kan wannan ra'ayi.

Za ka ji ana cewa gara yaro ya saba gani tun yana ƙarami, wai hakan zai cire masa ɗoki, a kawo maka misali da Faransa ko Jamus, a Jamus ma ɗan shekara 16 yana sayen giya mara ƙarfi da kansa. Maganar tana da daɗin ji, amma likitoci ba su goyi bayanta ba. A 2009 babban jami'in lafiya na Ingila ya fitar da shawara cewa abin da ya fi wa yaro shi ne ya tashi babu giya sam, in ma zai sha kada ya fara kafin shekara 15. Wani bincike a Ostareliya da aka wallafa a 2018, wanda ya bi matasa kusan 2,000 tsawon shekara shida, ya gano cewa waɗanda iyayensu ke ba su giya da hannunsu ba su samu wata kariya ba, sun ma fi waɗanda ba a ba su ba faɗawa shan da ya wuce kima. Gaskiya binciken a kan ba su ne, ba a kan zama kusa da masu sha ba, amma ya rushe hujjar sabo.

Ta fuskar addini kuwa, ni ba malami ba ne, sai dai hadisin sananne ne, Tirmizi ya ruwaito shi, cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Malamanmu na nan sukan bambanta tsakanin gidan abincin da ke da giya a gefe da wurin da don giya aka buɗe shi, da kuma tsakanin teburinka da teburin wani. Ka samu limamin masallacinku wanda ya san zaman ƙasar nan, ka faɗa masa yadda wurin yake dalla-dalla. Ka kuma sani ko abincin ma sai an yi hattara, domin wasu wuraren da giya suke kwaɓa fulawar soya kifi, kuma sukan zuba ruwan inabi a romon nama.

Ga abin da nake ganin za ka yi. Kada ka yi shiru ka ƙi zuwa, kuma kada ka aika saƙon wa'azi a zauren iyaye na WhatsApp. Ka samu kocin shi kaɗai bayan atisaye, ka fara da gode masa kan wahalar da yake yi da yaran, sannan ka ce masa iyalinka ba sa zama inda ake shan giya, amma ba ka son yaronka ya rasa bikin. Ka tambaye shi yadda ɗakin yake. Da yawa suna da ɗakin taro a sama ko a gefe mai ƙofarsa daban, kuma ana iya roƙon a rufe kantar giyar ɗakin har a gama raba kyaututtuka. In haka ta samu, ku je a kan lokaci, yaro ya karɓi lambarsa, a yi hoto, ku yi sallama da mutane cikin mutunci ku tafi kafin a buɗe. In kuwa a tsakiyar mashayar za a yi, ni ba zan kai nawa ba, kuma zan roƙi kocin ya miƙa masa kyautarsa a fili gaban abokansa a atisaye na gaba. Ban taɓa ganin kocin da ya ƙi wannan ba.

Sannan ka shiga cikin masu shirya na baɗi. Wannan shi ne inda mutanenmu suke sakaci. Muna ajiye yaro a bakin fili mu juya, ba ma zuwa taron iyaye, ba ma riƙe tutar gefe, sai an yanke shawara mu ce ba a yi da mu ba. Ɗakin taron unguwa, da na makaranta, da na coci, da na masallaci duk ana ba da su haya da awa, kuɗin ba ya da yawa idan iyaye suka haɗa. A ƙungiyar da ƙaramin ɗana ya buga, da muka karɓi shirin muka yi a filin shaƙatawa, maiɗakina ta yi dafa-duka da tsire, wata 'yar Pakistan ta kawo samosa, Turawan suka kawo kek. Iyayen da suka fi kowa gode mana Turawa ne, ɗaya ya ja ni gefe ya ce ya yi shekaru da daina sha, kuma kullum bikin nan fargaba yake zame masa.

Shi kuma yaron, don Allah ka zaunar da shi kafin ranar, kada ya ji daga bakin abokansa. Kada ka ce masa mutanen banza ne, domin iyayen abokansa ne, gobe zai gan su sun ɗauko shi a mota cikin ruwan sama, sai ya fara shakkar maganarka. Ka ce masa su suna sha, mu ba ma sha, ga dalilinmu, kuma ba ma zama a wurin. Ka bar shi ya yi fushi in zai yi, ɗan shekara 9 yana da hakkin ya ji zafin rasa biki. Ka fitar da shi a ranar, ka gayyato abokansa biyu ko uku, kada ya wuni a ɗaki yana tunanin addininsa ne ya hana shi jin daɗi.

Ka fara wannan hirar da shi tun yanzu, domin tambayar za ta dawo lokacin da ya kai 16 ko 17, ranar da za a gama jarrabawa abokai su ce a haɗu a mashaya, kuma a ranar ba ka wurin, babu kocin da za ka ja gefe. In ka yi magana da kocin ka dawo ka faɗa mana yadda ɗakin yake da abin da ya ce, sai mu san shawarar da za mu ƙara. A gaida maiɗakinka da yaran.