Amsa ga mai tambaya kan kashi na biyu na finafinan barkwanci

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambaya me ya sa kashi na biyu na fim ɗin barkwanci ba ya kai na farko daɗi, kuma ko da gaske tsofaffin finafinai sun fi na yanzu, ko kewa ce kawai take ɗibar mu manya. Ni a unguwar Nima ta Accra, a Ghana, na tashi, na riski zamanin silima, na ga na kaset da na faifai, yau ga mu muna kallo a waya. Bari in faɗa maka abin da na gani.

Dariya ba-zata take so. Abin da ya sa ka riƙe ciki jiya, in aka sake kawo maka shi yau yadda yake, iyakarka murmushi don ka gane shi. Ɗauki Coming to America na Eddie Murphy da ya fito a 1988. Daɗinsa duka a baƙunci yake: ɗan sarki da aka saba yi wa komai ya sauka unguwar Queens a New York, yana share-share a gidan abinci da fara'arsa, bai san kan gari ba. Mu 'yan Zango mun san wannan hali ciki da bai, domin da wuya ka sami gidan da ba a taɓa saukar da baƙo daga arewa ba, wanda ya rikice a Circle, babbar mahadar hanyoyin Accra, ranar da ya fara shiga trotro, motar hayar cikin gari. Da aka fitar da na biyu a 2021, bayan shekara 33, sai suka dawo da shagon askin nan da tsofaffinsa masu gardama, har guntayen tsohon fim suka yanko suka liƙa. Wallahi na ji daɗin ganin fuskokin. Amma da yarana na kalla, ni ina ta cewa "kun ga wancan, a na farko shi ne ya yi kaza", su kuwa sun yi tsit suna jira a ba su dariya. Fim ɗin da sai an yi wa mai kallo bayani kafin ya dara bai tsaya da ƙafarsa ba.

To me ya sa ba mu gaji da marigayi Rabilu Musa Ibro ba, alhali fuskar nan ɗaya ce muka yi ta kallo har Allah Ya karɓi abinsa a Disamba 2014? Saboda mutumin ɗaya ne, amma kullum sabon rami yake faɗawa. Yau ya ɗauki wannan sana'a, gobe waccan, jibi ya shiga rigar da ta fi ƙarfinsa. Ka san halinsa, ba ka san inda halin zai kai shi ba. Haka ɗan wasan barkwancin Ghana Agya Koo ya riƙe mutanen Kumasi a lokacinsa. Kashi na biyu mai kyau sabon wuri yake kai jarumin.

Akwai kuma na biyun da ba ci gaba ba ne ko kaɗan. Zamanin kaset da faifai, fim ɗaya ake tsagawa biyu don a sayar sau biyu, a cika sauran da doguwar tafiya a mota da maimaita abin da ya wuce. Kamar a ƙara wa koko ruwa ne don ya isa kofi biyu. Wannan ciniki ne, kuma shi ya ɓata wa mutane da yawa sunan kashi na biyu.

Batun kewa kuwa, gaskiya akwai ta, kuma ba na jin kunyar faɗa. Mun yi kallo a silimar Dunia nan Nima, da Orion a Circle, ɗaruruwan mutane a wuri ɗaya. Mutum ɗaya ya ƙyalƙyale a baya, sai dariya ta bi layi har gaba. Ana tafa wa jarumi, ana yi wa mugu ihu kamar yana ji. Dokar hana fitar dare da ta biyo bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 ta karya kasuwar silima, sai ɗakunan bidiyo suka karɓa, da benci da talabijin ɗaya, ga hoton fim an zana da fenti a kan buhun fulawa an rataye a ƙofa. Yau wasu gidajen silima sun zama coci. Wanda ya kalli barkwanci shi kaɗai da abin sauraro a kunne ya rasa rabin daɗin tun kafin a fara. Sannan tarkacen finafinan da ma suna da yawa, masu kyau ne kawai suka zauna a zuciya, sai mu riƙa auna su da duk abin da ya fito bana. Wannan ba adalci ba ne ga yaran da ke yin fim yanzu, waɗanda hotonsu da sautinsu sun fi namu nesa ba kusa ba.

In kana son ka gwada da kanka, nemi fim ɗin Ghana I Told You So na 1970, ka tara 'yan gidanku bayan isha'i, kowa ya ajiye wayarsa. Wanda bai jin Fante a sa masa mai fassara a gefe. Kada ka gaya musu inda dariya take, ka dai lura da inda za su dara, ka dawo ka ba mu labari.