Hukuncin Shiga Haɗari Domin Ceton Rayuka: Tambaya Kan Ma'aikatan Tashar Nukiliya

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ma'aikacin kashe gobara ne a nan Gombe. Kwanakin baya muna zaune a majalisarmu a Jekadafari bayan sallar isha'i, sai hira ta kai mu ga ma'aikatan da suka tsaya a tashar nukiliya ta Fukushima a Japan lokacin da ta yi haɗari, bayan an kwashe sauran, da 'yan kwana-kwanan da suka mutu a Canobil. Ni na ce jarumta ce, amma wani abokinmu mai karatu ya ce jefa kai ga halaka ne, kuma wanda ya shiga inda ya san guba za ta kama shi ba shi da bambanci da wanda ya kashe kansa. Maganar ta tsaya mini a rai, domin aikina ke nan, shiga inda jama'a ke gudowa. Mene ne hukuncin wannan aiki, kuma ya halatta mu yabe su alhali ba Musulmi ba ne?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, abin da waɗannan ma'aikata suka yi ba kisan kai ba ne a ma'aunin Shari'a, kuma aikinka halal ne, farilla ce ta kifaya da kake ɗauke wa jama'ar gari. Sai dai abokinka bai ɗauko ayar hana jefa kai ga halaka daga inda babu ita ba, akwai irin shiga haɗarin da take hanawa, don haka dole a rarrabe. Malamai suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa, saboda haka bari mu fara da abin da ya faru.

A daren 26 ga Afrilu, 1986, tukunya ta huɗu (wato injin da makamashin nukiliya ke ci a cikinsa) ta tashar Canobil, a ƙasar Yukren da ke cikin Tarayyar Sobiyet a lokacin, ta fashe. 'Yan kwana-kwana suka iso da kayan aikinsu na yau da kullum, suka hau rufi suna kashe wuta don kada ta tsallaka zuwa tukunyar da ke maƙwabtaka da ita, alhali ba a sanar da su girman tururin nukiliyar da ke ratsa jikinsu ba, shi kuwa wannan tururi ba a ganinsa, ba a jin warinsa. An tabbatar da mummunar cutar tururin a jikin mutum 134, kuma 28 daga cikinsu suka mutu a cikin watannin da suka biyo baya. Bayan 'yan kwanaki wasu mutum uku, Ananenko da Bespalov da Baranov, suka shiga ƙarƙashin ginin cikin ruwa domin buɗe bawul ɗin da zai zurarar da ruwan da ake tsoron narkakken makamashi ya faɗa cikinsa. An daɗe ana yaɗa cewa sun mutu nan take, amma gaskiya sun fito da ransu, Baranov ma sai a 2005 ya rasu. Na kawo wannan ne domin mutane suna son ƙara wa labari gishiri, alhali fatawa ba ta ginuwa a kan labarin da aka ƙara wa gishiri.

Fukushima kuwa a ranar 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka katse wutar lantarkin da ke tafiyar da na'urorin sanyaya tukwanen tashar. A ranar 15 ga watan aka janye mafi yawan ma'aikata, aka bar kimanin hamsin, daga baya wasu suka riƙa komawa ana karɓa-karɓa. Sun yi aiki cikin duhu, har batirin motoci suka ciro suka haɗa domin su iya karanta ma'aunai, suka ci gaba da ɗura ruwan teku a cikin tukwanen. Gwamnatin Japan ta ɗaga iyakar tururin da ma'aikacin gaggawa zai iya ɗauka daga milisibat (ma'aunin tururin da ya shiga jiki) 100 zuwa 250, wato akwai iyaka, akwai na'urorin awon tururin, kuma ana fitar da wanda ya kai haddi. Wannan bayani yana da nauyi a wajen hukunci, domin ya nuna mutanen ba mutuwa suka je nema ba, aiki suka je yi suna kuma ƙoƙarin fitowa.

Ayar da abokinka yake nufi ita ce ta 195 a Suratul Baƙara, inda Allah yake cewa kada ku jefa kanku da hannuwanku zuwa ga halaka. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa a yaƙin Ƙusɗanɗiniyya wani Musulmi ya kutsa cikin sahun Rumawa, sai mutane suka ɗaga murya suna cewa ya jefa kansa ga halaka. Sai Abu Ayyubal Ansari, Allah ya yarda da shi, ya miƙe ya ce ayar a kansu ta sauka, su Ansar, lokacin da suka yi shawarar komawa ga gyaran dukiyarsu su bar ciyarwa da fita don ɗaukaka addini. Ashe halakar da aka fara nufi ita ce zaman dirshan a lokacin da al'umma take buƙatar a tashi. Idan muka auna Fukushima da wannan, da kowa ya gudu ya bar tukwanen ba ruwa, da cutarwar ta fi haka yawa, ta kuma faɗa kan mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Duk da haka lafazin ayar gamamme ne, kuma malamai sun kafa hujja da ita, tare da aya ta 29 a Suratun Nisa'i, a kan haramcin duk wani kasada da rai wanda babu maslaha a cikinsa. Hadisin da ya fi fayyace iyakar shi ne wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Sayyidina Aliyu, cewa wani shugaban runduna ya fusata da mutanensa, ya sa aka hura wuta ya ce su shiga, suka ƙi. Da labari ya kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce da sun shige ta da ba su fita daga cikinta ba, ɗa'a tana cikin abin da yake na alheri ne kaɗai. Ka lura, ɗan'uwa, wutar da aka hana su shiga babu kowa a cikinta da za a ceto. Wutar da kai kake shiga akwai yaro a ɗaki, akwai shagunan da za ta lashe idan an ƙyale ta. Zafin wutar ɗaya ne, abin da ya raba hukuncin shi ne abin da aka shiga nema. Mai kashe kansa mutuwar ce manufarsa, mai ceto kuwa rayuwar wani ce manufarsa, mutuwa idan ta zo ba shi ya kira ta ba. A nan ma ya kamata in faɗa ƙarara cewa babu rabon masu ɗaura bam a jiki cikin wannan bayani, irin waɗanda suka zubar da jinin bayin Allah a tasha da kasuwa a garin nan, domin su da hannunsu suke kashe kansu, su kuma kashe waɗanda Allah ya haramta jininsu.

Asalin ceton rai wajibi ne. Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 32, wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shaihu Halil ya ambata a Mukhtasar cewa wanda yake da ikon kuɓutar da rai ko dukiyar da ke shirin halaka, ya bari, to akwai lamuni a kansa, wato biyan abin da ya halaka. Wannan farilla ta kifaya takan zama ta aini a kan wanda aka ɗauka aikin, aka horar da shi, kuma babu wanda ya iya sai shi, kamar injiniyan da ya san inda bawul yake a cikin duhu. Ƙa'idar fiƙihu ta ce ana jure cutarwa keɓantacciya domin tunkuɗe cutarwa gamammiya. To matuƙar rinjayen zato shi ne mutum zai fito, ko da da rauni ko da barazanar ciwo nan gaba, tsayawa a bakin aiki wajibi ne a kansa. Idan kuwa rinjayen zato shi ne ba zai fito ba, amma shigarsa za ta tserar da jama'a masu yawa, to wajibcin ya faɗi, halaccin ya saura, ya zama babin fifita wani a kan kai. Ɗalha ɗan Ubaidullahi ya kare Annabi da hannunsa ranar Uhudu har hannun ya shanye, Abu Dujana kuma ya mai da bayansa garkuwa kibau suna sauka a kai, ba a kuma zarge su ba. Amma wannan mataki ba a tilasta wa kowa shi, kuma wanda ya ja da baya a nan bai yi zunubi ba. Wani injiniya ɗan shekara 72 mai suna Yasuteru Yamada ya tara tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya a Japan suka nemi a tura su maimakon matasa, bisa hujjar cewa ciwon dajin da tururin ke haifarwa yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana. Wannan lissafi ne da fiƙihu ya san shi, zaɓen mafi sauƙin cutarwa biyu.

Inda na fi son ka tsaya ka yi tunani shi ne sharaɗin iyawa da riƙon sababi, domin a nan ne mutanenmu suka fi faɗawa cikin abin da ayar ta hana. Ina yaro an taɓa yin haka a unguwarmu: guga ya faɗa tsohuwar rijiya, wani saurayi ya shiga ɗaukowa, aka ji shiru. Yayansa ya tuɓe riga ya bi shi ba igiya a ƙugu, shi ma aka ji shiru. Na uku yana shirin sa ƙafa sai wani dattijo mai haƙar rijiya ya riƙe shi, ya kunna fitilar aci-balbal ya zura ta da igiya, kafin ta kai rabi ta mutu. Ya ce babu iskar shaƙa a ciki, duk wanda ya sauka gawa za a ƙara. Har yau ina tuna takalman mutum biyun nan a ajiye a bakin rijiyar. Muna fata Allah ya karɓi kyakkyawar niyyar yayan, ba kuma za mu ce ya kashe kansa ba, amma da wani ya tambaye ni kafin ya sauka da na ce masa haramun ne, domin shigar da ba za ta ceci kowa ba ƙarin asara ce kawai. Annabi da kansa ya sanya sulke biyu ranar Uhudu, shi ne kuwa shugaban masu tawakkali. Saboda haka idan kana da abin rufe fuska na shaƙar iska ko rigar wuta ka bar su don a ce kai namiji ne, ko ka kutsa kusa da tankar mai da ke ci alhali babu wanda ya rage a ciki, ka saɓa, ko da ka fito lafiya.

Nauyi mafi girma kuwa yana kan masu tura mutane. Yardar ma'aikaci ba ta inganta sai ya san abin da zai tarar, kuma ɓoye masa girman haɗari ha'inci ne, Annabi kuwa ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. 'Yan kwana-kwanan Canobil ba su da laifi, amma duk wanda ya san gaskiyar abin ya yi shiru yana da abin amsawa. Wajibi ne a kan hukuma ko mai kamfani ya samar da kayan kariya, ya taƙaita lokacin da kowa zai yi a wurin haɗari, ya yi jinyar wanda ya ji rauni, ya kuma kula da iyalin wanda ya rasu. Idan shugabanka ya umarce ka da shiga inda babu wanda za a ceto kuma babu kayan kariya, kana da damar ƙin bi, hujjarka ita ce hadisin rundunar da ya gabata.

Game da yabo, babu laifi a yabi kyakkyawan aiki daga wanda ba Musulmi ba. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi ya ce game da fursunonin Badar, da Muɗ'imu ɗan Adiyyu yana raye ya nemi a sake su da ya sakar masa su, saboda alherin da ya taɓa yi masa, shi kuwa Muɗ'imu bai musulunta ba. Ku kira aikinsu jarumta, ku ɗauki darasi daga tsarinsu, amma sunan shahada da makomar lahira hukunci ne na Allah da ba mu raba shi da bakinmu. Musulmin da ya rasu a gobara yana bakin aikin ceto kuwa muna yi masa fatan shahada, domin Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa wanda ya ƙone da wanda ya nutse da wanda gini ya faɗa wa suna cikin shahidai. Wannan shahadar lahira ce, don haka a duniya ana yi masa wanka idan jikin zai jure, idan ba zai jure ba a zuba ruwa ko a yi masa taimama, a sa masa likkafani a sallace shi kamar kowane mamaci.

Wallahu a'alam.