Tambayoyinku: Linzami ya ƙi kwafar rubutu a cikin vim

Tambaya: Salamu alaikum malam, ni ɗalibi ne a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, na sa Ubuntu a kwamfutata ina koyon vim, manhajar nan ta gyaran rubutu, a baƙin allon nan na taminal. Da farko ko na danna linzami ba ya kai ni layin da nike so, wani aboki ya ce in rubuta set mouse=a, na rubuta ya yi, amma yanzu in na ja bisa rubutu don in kwafa in tura ma abokaina sai ya ƙiya. Mi na ɓata don Allah? Daga wani mai karatu, unguwar Ali Dan Sofo, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kwantar da hankalinka ba ka ɓata komi ba. Riƙe Shift da hannun hagu sannan ka ja linzamin, in rubutun ya haskaka ka danna Ctrl da Shift da C tare, shi ke nan ya kwafu.

Abin da ya faru shi ne taminal haruffa kaɗai ta sani, to da ka sa set mouse=a sai vim ya aika mata wata ɓoyayyar lamba yana cewa duk inda anka danna ki gaya mini, daga nan ita kuma ta daina zaɓen rubutu da kanta, kowace dannawa sai ta maida ta haruffa, wane maɓalli ne, layi na nawa, gurbi na nawa, ta miƙa ma vim. Linzami guda masu shi biyu ke nan, Shift ɗin ne ke maido ma taminal shi na ɗan lokaci. Daga xterm, wata tsohuwar manhajar taminal, wanga tsari ya fito.

Wata rana in kana aiki da vim ta ssh, wato kana sarrafa wata kwamfuta daga nesa, sai rezo ya yanke, za ka ga kana taɓa linzami wasu lambobi na zubowa a allo barkatai, wallahi ranar da na fara gani na zaci kwamfutar ta lalace, ashe vim ne bai samu ya ce ma taminal ta daina ba. Rubuta reset ka danna Enter.

Ni dai shawarata kar ka kashe linzamin a vim, sa set mouse=a cikin .vimrc, fayil ɗin saitin vim, ya zauna. A tmux kuma, manhajar da ke raba allon taminal gida-gida, set -g mouse on ne ke kunna linzami, a nano, wata manhajar gyaran rubutu, Alt da M.