Tambaya da Amsa: Monitocina masu ƙeya suna karkarwa in na jera su waje ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, da fatan kana lafiya, ya aiki ya zafi. Ina da ɗan shago a Rijiyar Lemo inda nake koya wa yara kwamfuta da taifin, to kwanaki wani yayana ya haɗa ni da tsofaffin monita guda shida irin masu ƙeyar nan na da, inci 17, kowacce in ka kunna ta ita kaɗai lafiya lau take, amma da na jera su kan benci ɗaya na kunna gaba ɗaya sai hoton ya kama karkarwa kamar mai jin sanyi, wata kuma wani layi ne yake ta saukowa a hankali daga sama zuwa ƙasa, har yaran na cewa idonsu na ciwo. Na kai biyu wajen mai gyara ya ce shi bai ga komai ba. Shagon ƙarami ne, kuɗin sayen monita filat marasa ƙeya kuma babu yanzu. Wani abokina ya ce in naɗe su da takardar alminiyan irin ta masu gashin kifi. Don Allah mene ne mafita? Daga mai bibiyarka kullum, Rijiyar Lemo, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Mai gyaranka gaskiya ya faɗa maka, monitocinka ƙalau suke, zaman kusa ne ya haɗa su faɗa. Takardar gashin kifin nan kuma ka bar wa masu kifi abarsu, zan zo kanta.

Bari in ɗan buɗe maka cikin abin don ka san da wa kake rigima. Wannan ƙeyar da kake gani kwalba ce, a can ƙarshen wuyanta akwai wata 'yar bindiga da ke harbo ƙwayoyin lantarki zuwa gilashin gaba, inda suka sauka nan ne ke haske. To wa ke juya harbin ya bi hagu da dama, sama da ƙasa, har ya zana hoto? Wasu naɗin wayar tagulla ne da aka zagaye wuyan kwalbar da su, da ƙarfin maganaɗisu suke tuƙa shi, su zana allon gaba ɗaya sau 60 ko 75 ko 85 a daƙiƙa ɗaya, wannan lambar ita ce kake gani an rubuta Hz a gabanta. Matsalar ita ce maganaɗisu bai san robar jikin monita ba, ratsa ta yake ya fito waje abinsa, in ya tarar da wata monitar a gefe sai ya sa hannu a tuƙin tata. Kamar lugude ne, mata biyu a turmi ɗaya, in hannunsu ya daidaita daɗin ji, in ɗaya ta fi ɗaya sauri taɓare ne za su yi ta karo. Wata tana 72 maƙwabciyarta tana 75, bambancin ukun nan shi ne rawar da kake gani, sau uku a daƙiƙa hoton zai kaɗa. Wannan layin mai saukowa a hankali kuwa alamar lambobin sun kusa zama ɗaya ne, ɗan ƙiris ya raba su.

Amma kafin ka ɗora wa monitocin laifi duka, yi gwajin nan tukun, minti goma ya ishe ka. Kashe komai na shagon ka bar monita ɗaya. In ta tsaya cak, kunna ta gefenta ka gani, haka ɗaya bayan ɗaya har ka gano wacce ce mai neman rigimar, don sau da yawa guda ɗaya ce tsohuwa a cikinsu take damun kowa. In kuwa ita kaɗai ɗin ma tana rawa, to duba ƙarƙashin bencin. Na tabbata akwai sitabilaiza ko UPS, na'urar nan mai riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, a wajen, don haka muke yi duk garin nan, mu cusa su dab da kwamfuta saboda wayar gajera ce. Taransifomar da ke cikin sitabilaiza tana fitar da nata maganaɗisun a kan 50 Hz na wutarmu ta Najeriya, monita tana 60, ka ga rawa sau goma a daƙiƙa kenan, wadda ta fi kowacce sa ciwon kai. Fankar tebur ma haka, da cok, wato ɗan naɗin wayar da ke jikin doguwar fitilar nan ta da, da kaurin wayar da ta shigo da wuta shagon in ta bi bayan bangon da bencin yake. In a janareta kake abin ya fi muni don shi gudunsa hawa da sauka yake in an ɗora masa kaya. Ƙara tsawon waya ka kai sitabilaizar can lungu, ko mita ɗaya ce ta ba su za ka ga bambanci.

Sai gyaran da ba ya cin ko kwabo. Ka shiga saitin allo na kowace kwamfuta, in Windows XP ce ka danna maɓallin dama na linzami a filin allo ka shiga Properties, Settings, Advanced, sai Monitor, nan za ka ga lambar Hz ɗin. Maida su duka lamba ɗaya kuma girman hoto ɗaya, ni 1024 da 768 a kan 85 nake so wa inci 17 in ta ɗauka, in ba ta ɗauka ba 75. Kar ka bar su a 60, ita 60 ko babu maƙwabciya ƙyaftawa take, yana ma iya zama rabin ciwon idon yaranka daga nan ne. Kuma kar ka tilasta wa monita lambar da ba ta iya ba, in allon ya yi baƙi ka cire hannu ka jira kamar daƙiƙa 15 zai dawo da kansa. In faɗa maka gaskiya, ko duk ka sa su 85 ba za su zo daidai cif-cif ba tunda kowace kwamfuta da nata agogon, sai dai rawar ta koma wani lilo a hankali wanda ido bai cika damuwa da shi ba. In wata ta ƙi ji, gwada akasin haka, nisanta lambarta sosai da ta gefenta, wani lokacin kaɗawar in ta yi sauri sosai ido ba ya kama ta.

Yanzu maganar fili, nan ne na fi so ka saurare ni. Ka ce shagon ƙarami ne, na yarda, amma ba wani fili mai yawa ake nema ba. Ƙarfin maganaɗisun irin wannan naɗin wayar faɗuwa yake warwas da nisa, in ka ninka tazara sau biyu abin da zai rage kusan kashi ɗaya cikin takwas ne. Ma'ana kamu ɗaya ko biyu na hannu tsakaninsu yakan kashe yawancin matsalar. Kuma ka tuna daga ƙeya da gefe abin ya fi fita, gaban gilashin da sauƙi. Saboda haka jerin da ya fi kowanne muni shi ne wanda mutane suka fi so, wato benci a tsakiyar shago uku nan uku can, ƙeya na taɓa ƙeya. In dole sai haka to ka goce su, kowacce ƙeyarta ta fuskanci tsakanin biyu na ɗaya ɓangaren. In jere ɗaya ne jikin bango, ɗan karkata su bibbiyu yadda gaban zai kusanci juna ƙeyoyin su buɗe. Akwatin kwamfutar kansa in ka tsayar da shi tsakanin monita da monita ka jefi tsuntsu biyu, ya ba da tazara, jikinsa kuma ƙarfe ne.

Juya bayan monitocin ko ka duba goshinsu ka ga ko akwai tambarin TCO 95 ko TCO 99 ko MPR II. Ƙa'idojin ƙasar Suwidin ne da suka ƙayyade yawan abin da monita za ta fitar waje, masu wannan tambarin sun fi ladabi, su za ka sa a tsakiya, marasa shi ka tura su ƙarshen benci.

To mu dawo kan alminiyan. Ba ya tare irin wannan maganaɗisun, katako ma haka, kwali ma haka, kuma in ka naɗe monita ka toshe mata ramukan shan iska, a zafin Kano na watan Afrilu da ake haura digiri 40, abin da ke cin wat 70 zuwa 100 yana huci, kai da kanka ka gasa ta. Abin da ke aiki shi ne ƙarfen da mayen ƙarfe ke kamawa. Akwai wani na musamman da ake kira mumetal, yawancinsa nikel ne, shi ne sarki a wannan aikin amma tsada gare shi, ba na shagon taifin ba ne. Je ka Kofar Ruwa da ɗan mayen ƙarfe a aljihu, ka sa a yanko maka falle mai ɗan kauri wanda zai rufe gefen monita tun daga gaba har ƙeya, mai walda ya yi masa ƙafa ya goge bakin don kar ya yanki yara. Ɗaya za ka fara saya ka gwada, ragewa yake ba kashewa ba. Kar ya manne da jikin monitar, kuma in ka ga launi ya ɓaci bayan ka sa shi, danna Degauss a cikin maɓallanta.

Tunda na ambaci Degauss, wannan "dumm" ɗin da kake ji in an kunna monita shi ne, wani naɗin waya ne da ya zagaye gilashin yake wanke maganaɗisun da ya maƙale. In ɗaya ta yi shi, wadda ke gefenta za ta girgiza na daƙiƙa ɗaya ko biyu, wannan ba ciwo ba ne. Sai dai yana jan wuta da yawa a lokacin, don haka ɗaya bayan ɗaya za ka riƙa kunnawa musamman a ƙaramin janareta. Kuma Malam don Allah kar ka buɗe bayanta da kanka, akwai wajen bolt 25,000 a jikin kwalbar nan, tana iya riƙe wuta ko an zare ta daga soket.

TAMBAYA: Injiniya barka da aiki, tawa monitar gefe ɗaya ya koma shuɗi-shuɗi da ruwan hoda tun da ƙanena ya ajiye sifikar rediyo kusa da ita, ta lalace kenan? Daga wata 'yar'uwa, Gwammaja.

AMSA: A'a Malama, ba ta lalace ba. Mayen ƙarfen da ke bayan sifikar ne ya shafi wata siririyar ragar ƙarfe da ke bayan gilashin, shi ya sa launuka ke sauka inda ba nasu ba. Ɗauke sifikar, danna Degauss, in babu maɓallin ki kashe ta ki bar ta ta huce kamar minti 20 sannan ki kunna, ki maimaita sau biyu ko uku. In tabon ya ƙi fita, tsofaffin masu gyaran talabijin suna da naɗin wayar da suke zagaya gaban allon da shi, aikin minti biyu ne.