Ina ake samun tarihin matan NEPU a rumbun takardu?

Tambaya: Ni ɗaliba ce a sashen tarihi, ina rubutu a kan rawar da mata suka taka a siyasar Arewa kafin samun 'yancin kai. Na je rumbun adana takardu na ƙasa da ke Kaduna, na duba jerin fayil-fayil, ban ga ko ɗaya da ke ɗauke da sunan mace 'yar siyasa ba. Ta ina zan ɓullo wa lamarin?

Amsa: Malama, matan suna cikin takardun, sai dai ba a ajiye su da sunayensu ba. Waɗanda suka buɗe fayilolin nan jami'an mulkin mallaka ne da ma'aikatan En'e, kuma a wurinsu macen da ta hau mumbari matsala ce ta tsaro ko ta ɗa'a. Saboda haka ki neme ta inda hukuma ke rubuta masu laifi.

An kafa NEPU, jam'iyyar adawa ta Arewa, a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, sannan matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, ko da yake matan Kudu sun yi zaɓen tarayya na 1959. Wato shekara 26 ke nan babu sunayensu a rajistar masu zaɓe. Inda za ki same su shi ne rahoton 'yan sanda kan tarukan jam'iyya, da takardun neman izinin lacca, da rahoton shekara-shekara na Razdan, da kundin shari'ar kotun alƙali, da rajistar gidan yari. A Kaduna an kasa takardun lardi-lardi: KANPROF na Kano, ZARPROF na Zariya, SOKPROF na Sakkwato, sai SNP na ofishin sakataren lardunan Arewa. Ki bi kanun da suka shafi jam'iyyu, tarzoma, Sabon Gari, korar baƙi daga gari, da karuwanci.

Wannan kanu na ƙarshe yana buƙatar a tsaya a kansa. A wancan zamani abokan hamayya kan laƙaba wa matan da ke fitowa taron siyasa sunan karuwai, ko bazawara ce mai sana'arta, ko mai sayar da abinci a tasha. In kika ɗauki kalmar yadda aka rubuta ta, kin maimaita ƙazafin ke nan a kundinki. In kuma kika tsallake fayil ɗin don ƙyamar kanunsa, kin bar shaida mai yawa a baya. Abin yi shi ne ki karanta, ki rubuta wa ya yi rahoton, wa aka aika wa, da abin da ke faruwa a garin a makon. Kamen mata da ya zo daidai da lokacin yaƙin neman zaɓe ya cancanci ki yi masa tambayoyi. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, ta sha ɗauri saboda siyasa, kuma ba ita kaɗai ake kamawa ba. Sunayen da ke jere da nata a takardar tuhuma su ne sabon abin da za ki kawo.

Jaridu ma sai da lura da mai su. Gaskiya Ta Fi Kwabo da Nigerian Citizen na kamfanin Gaskiya ne da ke Zariya, mai alaƙa da gwamnati. Daily Comet ta Kano kuwa ta fi sauraron NEPU. Ki nemi labari ɗaya a ɓangarorin biyu. Arewa House a Kaduna da Gidan Mambayya a Kano, cibiyoyin da ke adana takardun tarihi, su ne zangonki na gaba.

Ki tafi da wasiƙar gabatarwa daga sashenki. Kowane fayil, ki fara rubuta lambarsa, kanunsa, shekara da shafi kafin ki karanta, domin bayanin da ba shi da lamba ba ya kāre kansa gaban masu jarrabawa. Ki nemi izini kafin ɗaukar hoto. Turawa kan rubuta suna ɗaya ta hanya biyu ko uku, mace kuma na iya bayyana da laƙabi, ko sunan miji, ko na garinsu, don haka ki buɗe wa kowace shafinta. Wasu kundayen alƙalai da Larabci ko ajami suke. Ki tanadi mai karanta miki.

Hira da dattawa kuwa kada ki jinkirta ta. Wadda take da shekara 18 a 1955 yanzu tana wajen 90. In ta rasu, 'ya'yanta mata na iya riƙe da katin jam'iyya, hoto, ko waƙoƙin da ake rerawa a taro. Tsofaffi ba su cika ƙirga shekara da lamba ba, sai ki auna da abin da kowa ya sani: rikicin Kano na 1953, zuwan Sarauniya a 1956, murabus ɗin Sarki Sanusi a 1963. Daga nan ki koma Kaduna ki nemi fayil ɗin wannan shekarar.