Kunnen Babana Na Kuka Kamar Gyare, Ko Tarakta Ce Ta Jawo?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Babana direban tarakta ne a Ejura ya kai shekara 20, in kaka ta yi kuma yana kan injin casar masara tun safe har magariba. Yanzu in ya zo gida Aboabo sai an ɗaga murya yake ji, rediyo ma sai ya ƙure ta, da dare kuma ya ce kunnensa na ta kuka kamar gyare. Auduga yake cusawa wai ta isa. Don Allah akwai maganin ɗigawa? Daga wata 'yarku a Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka da kika lura da Baba. Gaskiya ba zan ɓoye miki ba, can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi su ke ɗaukar sauti, in ƙara ta kashe su shi kenan ba sa sake tsirowa, ba maganin ɗigawa da zai dawo da su. Amma sauran jin da ya rage masa ana iya tsare shi, nan ne aikinki yake.

Ana auna ƙara da desibel, 85 ita ce iyaka ga mai aikin awa 8, kuma duk ƙarin 3 lokacin rabewa biyu yake, wato 88 awa 4 ke nan, 91 awa 2, to tarakta mara ɗakin direba tana iya wuce 90 shi kuma Baba yini yake a kai. In mutum na tsaye gab da ke amma sai kun yi ihu kuke jin juna to ƙarar ta yi yawa, haka ma masu nika-nika a zango suke fama wallahi abin na damuna.

Audugar nan ba ta tare komai kirki. Ki saya masa abin toshe kunne na soso, ya murza shi ya zama siriri, ya ja kunnen sama da ɗaya hannun ya tura, ya riƙe kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura. Ranar casa ya ɗora na rufe kunne mai kama da hedifon a kai. Salansar tarakta, wato abin rage ƙarar inji, in ta fashe a gyara, kuma su riƙa karɓa-karɓa da yaransa a bakin injin.

Kafin ya koma Ejura ki lallaɓa shi ku je asibitin Komfo Anokye ɓangaren kunne a gwada jinsa, wataƙila har da datti ya toshe, in kuma na'urar taimaka wa ji yake buƙata su za su faɗa. Allah ya ba shi lafiya.